Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamishinonin muhalli da shugabannin gandun daji na Arewa, a kan kajinjirin bakin rafi

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taimaka. Ni manomin fadama ne daga ƙasar Lere a jihar Kaduna, can inda ƙasa ta fara hawa zuwa duwatsun Filato, kuma abin da ya sa na zauna da waya a hannu nake rubuta muku wannan doguwar takarda itace ne guda ɗaya tak, kajinjiri, wanda wasu ke ce wa dabinon biri. Na san in aka ce kajinjiri yaran yanzu da yawa sai sun tambaya menene, har cikin waɗanda suka yi karatun gandun daji ma, to amma duk wanda ya taso kusa da ƙorama a ƙasar Zazzau ko Bauchi ko Filato ko Adamawa ya san shi, ko bai san sunan ba ƙayarsa ta taɓa sukarsa a ƙafa.

Kamarsa ɗaya da dabino sai dai shi siriri ne, kuma ba ya tsayawa shi kaɗai. Daga tushe guda sai ka ga biyar, goma, har fiye sun fito, manya da ƙanana, 'ya'yan gindi sun cika tsakani ba wurin sa ƙafa, manyan kuma ba sa miƙewa sak, sai su karkata waje kamar mutum ya kishingiɗa sannan kai ya ɗago sama. Wani masanin tsirrai mai suna Jacquin ne ya raɗa masa Phoenix reclinata a 1801, sunan da yake cikin takardunku na ofis. Ganyensa kan kai mita 3 zuwa 4, kuma ta wajen gindin ganyen ƙaya ce zalla dogaye masu tsini, shi ya sa akuya ba ta iya cinye shi, yaro ma sai ya yi dabara kafin ya kai hannu ga nonon 'ya'yan. Wani likitan Bature, Dalziel, da ya yi aiki a Arewa ya tattara sunayen tsirrai da Hausa aka buga a 1916, kajinjiri na ciki. Wato fa ba baƙo ba ne, kakanninmu sun san shi sun sa masa suna tun kafin a kawo darbejiya ƙasar nan.

Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne inda yake fitowa, don duk maganar a nan take. Kajinjiri ba ya zama a kan tudu busasshe. Nemi shi a gaɓar rafi, a bakin fadama, a kurmi, a gindin dutse inda ruwa ke tsattsafowa, duk inda ruwa yake kusa da saman ƙasa ko da ido ba ya ganinsa. Yana jure ambaliya ta kwana a gindinsa kwana da kwanaki bai ruɓe ba, yana jure rana, yana kuma iya zama cikin 'yar inuwar manyan itatuwa, rani ma in ya yi tsanani ba ya mutuwa muddin saiwarsa na taɓa danshi. Mahaifina Allah ya jiƙansa in zai haƙa rijiyar lambu ba ya tambayar kowa, sai ya duba inda kajinjiri ya yi kore shar a tsakiyar bazara ya ce a sara nan kusa, kuma ba a kai gaba biyu sai an tarar da ruwa. Haka yake tun daga Senegal har Afirka ta Kudu, har Madagaska da Yemen, daga bakin teku har kan tsaunuka masu sanyi, ko'ina dai ruwa yake bi.

To ranku ya daɗe, a rafinmu kajinjiri yana ƙarewa, kuma ni ma da hannuna a ciki, ba zan ɓoye muku ba.

Lokacin da injin ban ruwa ya yi araha kowa ya koma noman rani, tumatur da albasa da tattasai da masara ɗanya, sai kowane taku na bakin ruwa ya zama kuɗi. Gonata tana da gungun kajinjiri guda uku a kan gaɓa, sun cinye min wuri kamar faɗin ɗaki uku, ga inuwa, ga ƙaya tana fasa min tiyo, ga tsoron maciji. Na kira yara muka sare biyu, muka tara busasshen ganye a kai muka sa wuta, da suka sake toho muka sake ƙonawa, sai da muka yi haka sau uku sannan tushen ya mutu. Na ji daɗi a shekarar, na ƙara kwami wajen goma sha biyu. Na ukun na bar shi ne kawai saboda mahaifiyata ta ce in na taɓa shi ba ta yafe ba, a nan take samun abin saƙarta.

Sai daminar 2022 ta zo, wadda ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a faɗin ƙasar nan. Mu Allah ya tsare ba mu rasa rai ba, amma da safe da ruwa ya janye na je gona na tsaya na kasa magana. Daidai inda na sare guda biyun nan gaɓa ta zabge, ruwa ya yanke ƙasa ya tafi da ita, ba kwamin da na ƙara kaɗai ba har da wanda na gada, ya bar min rami mai tsayin mutum da jan yashi a ciki. Inda na bar na Inna kuwa gaɓar tana nan yadda take, ruwa ya bi ta kansa ya rataya masa ciyawa da leda da karare har wuya, amma ƙasar ba ta motsa ba. Na sauka cikin ramin na duba gefen tushen da ya rage, sai na ga saiwoyin nan sirara dubbai sun saƙe da juna kamar buhun algarara, sun riƙe ƙasa gam, ko da fartanya sai ka sha wuya kafin ka ɓanɓari dunƙule ɗaya. Ranar na gane abin da na kashe. Kuma tun daga ranar in na bi rafin nan sama da ƙasa abin da nake gani ke nan, inda gungun yake gaɓa tana tsaye, inda aka cire shi kwazazzabo ya fara cin gona, kuma bayan mu manoma ga masu tifa suna kwasar yashi har ƙarƙashin saiwa, ga wutar daji duk kaka da ke cinye ƙananan da ba su yi ƙarfi ba.

Bayan abin ya faru na tashi takanas na je wani wurin renon itatuwa na gwamnati da niyyar in sayi kajinjiri ko ashirin in mayar. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya zaga da ni, ga darbejiya layi layi, ga turare, ga mangwaro da kashu da gwaiba, har da dabino a leda. Da na ce kajinjiri nake nema sai ya ce ai wannan na daji ne, ba a renonsa, shi yake fitowa da kansa. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ba shi ya rena shi ya rena. Amma maganar ta tsaya min a rai har yau, don da can gaskiya ne shi yake fitowa da kansa, lokacin da akwai birai da tsuntsaye da jemagu da ke cin 'ya'yan suna yar da ƙwallon a gaba, yanzu birai sun gudu, uwayen da ke ba da 'ya'yan an sare, to wa zai shuka shi?

Ya ma ba ni shawara in dasa turare a gaɓar. Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin turare shan ruwa ne da shi, mun ga fadamun da aka zagaye da shi yadda suka koma. Yana da amfaninsa a inda ya dace, ana samun katako da itacen girki, darbejiya ma ba wanda zai raina ta, ta rufa wa garuruwan Arewa asiri da inuwa. Amma bakin rafi yana da nasa itatuwan da Allah ya ajiye a wurin, kuma su ne ba na gani a cikin leda duk ranar da aka yi bikin dashen itatuwa.

Bari in faɗa muku abin da itacen nan yake yi a gida irin namu, don kada a ɗauka maganar zaizayar ƙasa ce kaɗai. Mahaifiyata da shi ta yi mana rabin hidimar makaranta. Sabon ganyen tsakiya take yanka, wanda bai riga ya buɗe ba, yana nan a dunƙule fari-fari kamar takobi. Ta kawo gida ta warware shi ta shanya a rana kwana biyu uku har ya yi haske, sannan ta zauna da allura tana tsaga shi siri-siri, wani ta bar shi fari wani ta dafa shi da galura ja ko kore ko shuɗi. Daga nan sai saƙa, dogon saƙi mai faɗin yatsu uku ko huɗu, tana yi tana hira tana naɗe shi a gefe har ya yi gammo babba, in ya isa sai ta bi ta ɗinke gefe da gefe ya zama tabarma. Wanda ya taɓa kwanciya a tabarmar kajinjiri ya san ta fi ta kabar goruba laushi nesa ba kusa ba, ba ta cin jiki, ba ta kuma yin zafi da rana irin ta roba. Da shi ake malfa, da faifai, da ɗan kwando na ajiye goro, tsohon ganye kuma a yi tsintsiya, sandar ganyen a yi shinge ko abin kamun kifi. Gangar jikinsa gara ba ta cinta da wuri, shi ya sa ake sa ta a rumfa da dangar garke da 'yar gadar tsallake ƙorama.

Kuma Inna tana da doka, ba a takarda take ba amma ba ta taɓa karya ta ba, ba a yanka sabon ganye biyu a kai ɗaya, in ka ɗauki ɗaya sai ka bar shi ya fitar da wani ya buɗe tukuna. Ta ce kan kajinjiri ɗaya ne, in ka cinye shi ka kashe wannan sandar. Yanzu masu zuwa da babur su yanka su kai kasuwa ba ruwansu da wannan, sai su aske gungu gaba ɗaya a yini guda. Haka ma masu tatsar bammi a cikin maƙwabtanmu, su sai an yanke kan ake samun ruwan, sandar da aka tatsa kuma mutuwa take, tushen ne ke sake turo wasu in an bar masa sarari. Dattawansu sun san ba a tatse gungu duka, matasan ne ke gaggawa. Ba na kawo wannan don in ɓata wa kowa sana'a ba, kowa da abin da yake ci da iyalinsa, na kawo ne don ku ga cewa ƙa'idar tana nan a bakin tsofaffi, ƙarfin hukuma kawai ta rasa.

'Ya'yan kuwa ƙanana ne, ba su wuce kan ɗan yatsa ba, naman kaɗan ƙwallon babba, in sun nuna sai su yi ruwan lemo zuwa ja-ja. Muna yara ba ma jiran su nuna don birai za su riga mu, sai mu saro nonon da ɗanyensa mu tsoma a ruwa ya kwana, da safe ka ga ya canza kala ya yi zaƙi, ɗanɗanon dabino sak sai ɗan bauri a ƙarshe. Ba abin da za a loda a mota a kai Kano ba ne, ban ce ya kai dabinon Agadas ba, amma yaron ƙauye da ya fita kiwo tun safe ya san darajarsa. Lokacin da namijin ya yi fure kuma ka ji ƙudan zuma sun cika wurin da ƙara.

Na ambaci namiji, to a nan akwai abin da ya kamata duk mai shirin dasa shi ya sani. Kamar dabino, kajinjiri akwai namiji akwai mace, kowanne tushensa daban. Macen ce ke 'ya'ya amma sai da namiji a kusa. In ka sare mazan don ka ga ba sa haihuwa ka kashe zuriyar, in kuma ka cire 'ya'yan gindi daga tushe ɗaya ka dasa ɗari to duk jinsi ɗaya ka dasa. Shi ya sa ƙwallo ya fi, a tara daga wurare daban daban, a wanke naman, a jiƙa, a sa a leda, cikin wata ɗaya zuwa biyu zai tsiro in akwai ɗumi da danshi. Ni na gwada a bayan ɗakina da ledar fiya wata, ba wani ilimi mai zurfi ba ne. Abin da yake buƙata haƙuri ne don ba ya saurin girma, shekarun farko sai ka ga kamar ciyawa ce, a lokacin ne kuma wuta da kofaton shanu ke kashe shi.

Na ji akwai shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021, na jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta lalace da kula da magudanan ruwa na cikin aikinsa. Akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015 tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada. Akwai tashar binciken dabino ta NIFOR, wato cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, a Dutse, akwai kwalejin gandun daji a Jos wadda ba ta da nisa da mu, kuma kajinjiri na nan a ƙoramun da ke kewaye da ita. Wato masana akwai, kuɗi ma an ware. Roƙona shi ne a sa sunan itacen nan a cikin jerin abin da ake renawa, a ba kowane wurin reno da ke kusa da fadama umarni ya tara ƙwallonsa ya rena ko ɗari biyar ne a shekara, a raba wa masu gonar bakin rafi tare da sauran na gida irin su ɗinya da kanya da gawo, kowanne a inda yake so.

Amma don Allah kada a ɗauke shi a kai kan tudun yashi a Yobe ko arewacin Katsina a ce ana tare hamada da shi, zai mutu a banza sannan a rubuta rahoto a ce an gwada bai yi ba. Wurinsa bakin ruwa ne, in an sa shi a nan ko ban ruwa ba ya nema bayan shekarar farko.

Abu na biyu ya fi dashen ma muhimmanci a wurina, wato a hana mu ƙarasa wanda ya rage. Gungun da ya shekara hamsin yana riƙe da gaɓa ba za ka maye shi da ɗan tsiro a leda ba. A zauna da hakimai da dagatai da sarakunan noma a yanke tazarar da za a bari tsakanin ruwa da kwamin farko, ko taku goma ne, a ce wannan ba a nomawa ba a ƙonawa ba a ɗibar yashi. Na san abin da manomi zai ce don ni ma na faɗa, wa zai biya ni wurin da na bari? Amsar ita ce ku kawo shi gonata ya ga ramin. Kuma in ana rabon taki ko iri ko injin ban ruwa a fara da wanda ya bar gaɓarsa da itatuwa, za ku ga yadda magana za ta shiga kunne ba tare da an kai kowa kotu ba. Malaman daji kuma a ba su abin hawa su riƙa leƙa rafuka, kada aikinsu ya tsaya a kan hanya wajen masu gawayi kaɗai.

Sai masu saƙa. A ƙasashen Suwahili itacen nan mkindu suke ce masa, zaren ganyen kuma ukindu, da shi matan Tanzaniya da Kenya da Uganda ke saƙa tabarmi masu ado da ake kira mikeka, sana'a ce da ake ci da ita har baƙi na saya su tafi da su. Namu matan hannunsu bai gaza nasu ba wallahi, na ga aikin Inna na ga hotunan nasu a waya. Abin da ya kashe kasuwar tabarmar roba ce mai araha, da kuma nisan da ake yi yanzu kafin a samu ganyen, tafiyar da da ba ta wuce bayan gari ba yanzu sai an hau babur, ga rashin tsaro a daji. In kuna taron baje koli ko bikin ranar muhalli ku sayi tabarmi da malfuna a hannunsu ku raba wa baƙi maimakon a yi odar kaya daga waje. Matar da ta san gungun nan ne abincinta ita za ta fi kowane ma'aikaci tsaron sa, na gani a gidanmu.

Inna yanzu ido ya yi rauni ba ta iya tsaga ganye, ƙanwata ce ta karɓa, ita ma sai an yi biki ake nemanta. Gungun da ta hana ni sarewa yana nan, bana na ƙirga sanda goma sha ɗaya a jikinsa, mace ce kuma ta yi nono huɗu, namijin da ke ba ta yana tsallaken rafi a gonar maƙwabcina, na je na roƙe shi kada ya taɓa shi ya kuma amsa min. Ƙwallon da na tara bara na samu tsiro 43, na dasa 30 a bakin ramin na kewaye su da ƙaya, shanu sun taka wasu, 19 sun kama. Sauran 13 suna nan a leda a bayan ɗaki, na ajiye wa duk wanda ya zo da niyyar dasawa.

In akwai jami'inku da zai zo ya gani da idonsa, ya zo cikin watan Maris ko Afrilu kafin ruwa ya sauka, lokacin ne komai ya bushe ake gane inda danshi yake, zan bi da shi rafin tun daga gindin dutse har inda ya haɗu da babban kogi, mu ƙirga gungun da suka rage tare.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
wani manomin fadama daga ƙasar Lere